Makewayin Baƙi a Ƙarƙashin Bene

A cikin shekarun da na yi ina zana gidaje, ina kuma tsayawa a kan magina a birnin Kano da kewayensa, ban ga ɗakin da masu gida suke raina shi a lokacin shawara, su kuma dawo suna nadama a kansa bayan an tare, kamar ɗan makewayin nan da ake yi wa baƙi a ƙasan bene ba. Mutum ya kan kwana uku yana jayayya da ni a kan faɗin falo da launin ƙofar gida, amma da zarar na ɗora yatsa a kan wannan ɗan gurbi na takarda, sai ya ce, "Injiniya, duk inda ya saura a cusa shi." Alhali kuwa shi ne wurin da surukinsa da malaminsa da abokan cinikinsa za su keɓe su kaɗai, su ga ainihin tsabtar gidan ba tare da kowa ya yi musu bayani ba.

Magabatanmu sun warware wannan mas'ala da zaure, domin baƙo namiji ba ya wuce nan, kuma in lokacin salla ya yi sai yaro ya fito masa da buta. Da gidan zamani ya mai da zaure falo, sai haƙƙoƙi biyu suka hau wuyan wannan ɗan ɗaki: haƙƙin baƙo na ya biya bukatarsa cikin sutura, da haƙƙin iyali na kada a ratsa su. Saboda haka nake ƙin ƙofar da take buɗewa kai tsaye a fuskar mazauna falo, kamar yadda nake ƙin wadda sai an bi ta gaban madafa kafin a isa gare ta. Ɗan lungu mai tsawon taku biyu ya isa ya tsare ido, ya kuma rage jin motsin ruwa.

Game da girma, abin da littattafan gini na Turawa suke ƙaddarawa mutum ne mai wando da taguwa, mu kuwa baƙonmu yana iya zuwa da babbar riga, yana kuma bukatar wurin tsugunawa da wurin ajiye buta. Ba na yarda faɗin ya gaza santimita 90, tsawon kuma ya gaza mita ɗaya da rabi, kuma in a ƙarƙashin matakala ne, to, lalle inda mutum zai miƙe tsaye ya kai mita biyu, a tura mazaunin can inda rufin ya sunkuya. Ƙofa kuwa waje ya kamata ta buɗe. Na koyi wannan ne ta hanya mai ɗaci, a wani gida da na ja kunnen mai shi bai ji ba, ni ma kuma ban dage ba: wani dattijo ya zame a ciki, jikinsa ya tokare ƙofar da take buɗewa ciki, har sai da aka ɓalle ta kafin a kai gare shi. Allah ya kiyaye, ya tashi da targaɗe kawai, amma tun daga ranar ban sake sa hannu a kan irin wannan zane ba, kuma na kan roƙi a kafa ƙarfen dafawa a bango saboda masu ciwon gwiwa.

Sai maganar alƙibla, wadda a ƙasarmu take gabas da ɗan karkata arewa. Hadisin Abu Ayyuba al-Ansari, wanda Buhari da Muslim suka ruwaito, ya hana fuskantarta ko ba ta baya a lokacin biyan bukata, kuma ko da yake malamanmu na Malikiyya sun sauƙaƙa a cikin gini, suka bar hanin a kan sarari, ni ina ganin tun da juya mazauni a kan takarda ba ya cin ko sisin kwabo, fita daga saɓanin malamai ya fi zama alheri. Bayan an zuba kankare kuwa, gyaran sai da fasa daɓe.

Amma inda amana take a wuyanmu mu masu sana'a shi ne abin da yake binne, wanda mai gida ba zai taɓa gani ba. Bututun ƙazanta inci huɗu ne, kuma ya kan so gangara ta kimanin ɗaya cikin arba'in, domin in ya kwanta ƙazanta ta zauna. A ƙarƙashin kowane mazauni da kowane magudanin daɓe akwai ɗan lanƙwasa mai riƙe ruwa, kuma wannan ruwan shi kaɗai ne shamaki tsakanin falo da iskar ramin sokawe. Makewayin baƙi ya kan yi mako biyu ba a shiga ba, sai zafin bazara ko bushewar hunturu su shanye ruwan, wari ya taso, uwargida ta yi ta ƙona turaren wuta tana zargin masu aiki, alhali maganin moɗa guda ce ta ruwa a kowane mako, tare da bututun shaƙar iska da ya haura saman rufi. Haka nan, da yake wannan makewayi shi ne mafi ƙasa a cikin gida, in sokawe ya cika a tsakiyar damina ta nan najasa take fara dawowa. Don haka nake ɗaga harsashi, nake kuma nisanta ramin daga rijiya gwargwadon iko, mita 30 in fili ya yarda, saboda amai da gudawa ta wannan hanya suke shiga ruwan sha.

Ado yana zuwa ne a bayan duk wannan, kuma a ƙaramin wuri kaɗan ne yake ƙawatarwa. Tayil mai haske a bango yana buɗe ɗaki, madubi yana ƙara masa, tayil ɗin daɓe kuwa mai kaushi ake so, domin mu mutanen tsarki da ruwa ne, daɓenmu ba ya rabuwa da laima. A sa famfo a ƙasa daidai bakin buta, da ɗan kwanon wanke hannu da sabulu, da taga a sama mai ragar sauro, da ƙugiya biyu a bayan ƙofa don riga da hula. Furen roba da labule masu tara ƙura ba su da gurbi, kuma ba sai na tunatar da Musulmi cewa ba a rataye abin da yake ɗauke da aya ko sunan Allah a nan ba.

A ranar miƙa makulli na kan sa a kawo mini bokiti cike da ruwa, in kira mai gida da mai tayil su tsaya, in sheƙa shi a tsakiyar daɓen, wanda na riga na sa aka sauke shi ƙasa da na falo da santimita biyu. In ruwan ya taru ya bi magudani, sai mu yi hamdala. In kuwa ya kwanta a kusurwa ko ya nufi ƙofa, to, a ranar za a ɗaye tayil ɗin.