Awon Ƙarfin Jan Ƙasa Wajen Neman Zafin Ƙarƙashin Ƙasa

Gabatarwa

A wannan ɗan rubutu zan yi ƙoƙarin bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda masana ke laluben zafin da ke ƙarƙashin ƙasa kafin su haƙa rijiya. Batun ya shafe mu, domin da wannan zafi ake samar da wutar lantarki. Kenya ta fara yin haka a Olkariya tun 1981, Nijeriya kuwa ba ta da irin wannan tasha ko ɗaya.

Asalin Ruwan Ɗumi

Duk kilomita ɗaya da aka nutsa cikin ƙasa, zafi yakan ƙaru da kimanin digiri 25 zuwa 30. Ruwan sama yakan bi tsagar duwatsu ya gangara, ya ɗau zafi, sannan ya ɓuɓɓugo. Haka abin yake a Ikogosi ta jihar Ekiti da Wikki ta Yankari a jihar Bauchi, inda ɗumin ruwan yake kimanin digiri 31.

Yadda Ake Awon

Wasu kan ce "maganaɗisun ƙasa", amma na zaɓi "ƙarfin jan ƙasa", saboda maganaɗisu ƙarfe yake ja, wannan kuwa komai yake ja. Ana auna shi da na'urar girabimita, wadda a cikinta akwai ɗan nauyi rataye da sifirin. Inda dutse mai nauyi yake ƙarƙashi, sifirin yakan ƙara miƙewa kaɗan. Inda dutsen ya tsattsage ya yi rashin nauyi, sai miƙewar ta ragu. Masana sukan auna wurare da dama, su cire tasirin tudu da kwari, su zana taswira. Wurin da awo ya canja farat ɗaya, ana kyautata zaton akwai tsaga, wato hanyar ruwan.

Kammalawa

Sai dai a lura, wannan na'ura nauyi take aunawa, ba zafi ba. Tashar lantarki akasari tana bukatar ruwan da ya wuce digiri 100, kuma haƙa rijiya mai zurfi na cin maƙudan kuɗi. Don haka ake haɗa awon da binciken sinadaran ruwan, sannan a haƙa rijiyar gwaji. Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama.