Darasin Mako: Shirin Rage Hayaƙi na Ƙasa da Murhun Gidajenmu

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, a darasin labarin ƙasa mun koyi cewa hayaƙin injina, motoci da murhu na ƙara ɗumama duniya. Wannan makon mun ɗauko shirin da gwamnatin tarayya ta tsara don rage shi, mu duba shi da idon ɗan Maigatari.

A watan Nuwamban 2021, wurin taron sauyin yanayi na Glasgow, Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin cewa zuwa 2060 hayaƙin da Nijeriya ke fitarwa ba zai wuce wanda ake iya shanyewa ba. A Agustan 2022 mataimakinsa, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Shirin Sauya Makamashi. An kasa aikin gida biyar: wutar lantarki, girki, sufuri, masana'antu, sai haƙar mai da gas. An ƙiyasta zai ci ƙarin dala biliyan 410, wato wajen biliyan 10 duk shekara.

Ɓangaren girki shi ya fi shafar mu. Shirin na so a bar itace da gawayi a koma gas, daga baya kuma a koma murhun lantarki da iskar gas da ake samu daga kashin dabbobi. Manufar ta yi kyau. Duk wanda ya bi hanyar Gumel zuwa Maigatari da rani ya san hamada ba labari ba ce, kuma ba hikima ba ne a dasa itatuwan Babbar Ganuwar Itatuwa da hannun dama, a sare su da hagu don dafa tuwo. Ga iyayenmu mata da hayaƙi ke cinye wa ido da ƙirji.

To amma itace ana sayensa kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da maigida ya samo ranar. Gas kuwa sai an tara kuɗin tukunya da na murhu a dunƙule, in ya ƙare kuma mutumin ƙauyen Sule Tankarkar ko Gagarawa sai ya biya kuɗin mota zuwa gari. Gidan da ake tuƙa tuwon mutum ashirin, kwana nawa tukunya ɗaya za ta yi? Murhun lantarki kuwa sai da wuta, alhali abin da ke shiga layin ƙasa bai cika wuce megawat 5,000 ba, ga mutane fiye da miliyan 200.

A sufuri ana maganar motoci masu caji, amma tirelolin da ke kwashe shanu daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis zuwa kudu har yanzu dizal suke sha.

Shanun ma abin dubawa ne. Noma da kiwo ba sa cikin kashi biyar ɗin, ko da yake dabbobi na fitar da iskar methane mai ɗumama duniya. A ganinmu wannan giɓi ne babba ga yanki irin namu. Kashin da ke taruwa a kara kuwa shi ne kayan haɗa iskar girkin da shirin ke magana, ga kuma rana da za ta iya ba masana'antu wuta a yankin ciniki maras haraji.

Aikin gida: kowa ya tambayi mahaifiyarsa nawa ake kashewa a itace ko gawayi a mako, ya rubuta adadin ba tare da suna ba, ya jefa a akwatin kulob kafin Juma'a. Za mu kwatanta da kuɗin gas a fitowa ta gaba.