Darasi na Tara: Aya-aya da Hanyar Ruwa

Duk mai noman rani a ƙasan madatsar ruwan Watari, a ƙaramar hukumar Bagwai, ya san aya-aya, ba sai an nuna masa ba. Abu ɗaya za ku gwada: ku tsinko karan ku murza tsakanin yatsu. Na ciyawa irin su harkiya mulmulalle ne mai gaɓoɓi, na aya-aya kuwa kusurwa uku gare shi, ba gaɓa. Aya da muke ci danginta ce, haka kajijin da mata ke haɗa turaren wuta da shi. Dukkansu masu son danshi ne.

Ƙarfin aya-aya ba a ganyenta yake ba, a ƙasa yake. 'Ya'yanta baƙaƙe ne masu tauri, a jere jikin siririyar saiwa kamar carbi, yawancinsu ba su wuce zurfin taƙi ɗaya ba. Kowane ɗa sabon tsiro ne. In fartanya ta tsinka saiwar, har waɗanda suke barci sai su farka. Saboda haka idan kun tono ta, kada ku watsa ta a hanyar ruwa.

Ga abin da ya faru a wani gida. Uwargida ta jiƙa aya tun dare, ta ɓare dabino, ta kankare kwakwa, tana jiran a kai mata markaɗe. Sai ga autanta da gudu, aljihu cike.

"Inna, na samo miki aya kyauta!"

Ta ɗauki ɗaya ta gatsa, ta tofar, ta yamutsa fuska. "Kai, ɗaci kamar me! A ina ka kwaso wannan?"

"A bakin fangalin albasar Baba. Ruwa ne ya kawo su, sun taru fal."

Maigida yana kan tabarma yana gyaran ƙotar fartanya. Bai ɗago ba.

"Malam, ka ji? Albasar da muka sayar da tunkiya muka sai irinta."

"Na gani tun shekaranjiya. Na sama da mu ne ya yi cira, ya zuba a kanal."

"To, ka yi masa magana?"

"Maƙwabci ne..."

"Maƙwabtakar ke nan? Ya share gonarsa, ya shuka mana a tamu? In kunyarsa kake ji, ni zan aika wa matarsa."

Maigida ya jingine fartanya, ya laluba takalminsa.

Gaskiyarta. Ana ganin irin wannan ganganci kowace shekara. Mutum ya wuni a duƙe yana cira, da yamma ya tattara ya cilla a kanal don ƙyuyar ɗaukar kwando. Ruwa ba ya kashe ɗan aya-aya, dakonsa yake yi zuwa fangalin na ƙasa, ya ajiye shi a laka mai taushi, inda ya fi so. Albasa kuwa ganyenta siriri ne, ba ta yin inuwar da za ta danne shi, sai ya shanye mata taki da ruwa. Kada ku watsa ta a hanyar ruwa. Kada kuma ku jibge ta kan jujin da za ku mayar gona.

Rana ce maganinta. Ku tono da 'ya'yan, ku kaɗe ƙasar, ku kwasa a kwando, ku baza a busasshen wuri mai tauri nesa da kanal. Ku bar su kamar mako biyu a ranar bazara, kuna juyawa, har su ƙanƙance su bushe ƙayau, sannan ku ƙona. Da damina kuma ku shuka wake ko dankali a wurin da ta yi yawa, domin inuwa na raunana ta.

Aikin gida: gobe kowa ya zo da aya ɗaya da ɗan aya-aya ɗaya, ya rubuta sunan kowanne a littafinsa. A hanya ku leƙa kanal ɗin da ke bi ta gonarku. In kun ga tarin cira a ciki, ku tsame shi, ku nemi mai shi.