IDAN ISKAR BIRKI TA GUDU BISA HANYA

A Amurka da ƙasashen Turai akwai wata mota da ake kira mota mai ɗaki. Faransawa suna ce mata kampin-kar. Gida ne bisa ƙafafun mota. Akwai gado a ciki, da wurin dahuwa, da makewayi, da tankin ruwa. Masu ita su kan yi wata da watanni suna yawo, inda dare ya yi masu nan ne gida. Mutanen Agadas da Tawa sun san ƙananan irinta, domin a shekarun 1970 da 1980 Turawa masu yawo sun riƙa ƙetaro hamada da su daga Tamanrasat, su biyo ta Arlit su sauko kudu.

Manyan irinta sun fi yawa a Amurka. Tsawon wata ya kai metir 12 ko 13, nauyinta ton 15 ko fiye. Injinta na gazuwal ne, shina can baya, ƙarƙashin ɗakin kwana. Mota mai wannan nauyi ƙafar mutum ba ta tsai da ita. Iska ke tsai da ita. Irin wannan birki ne ga kamyon da manyan motocin fasinja masu bin hanyar Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram. Saboda haka darasin bai tsaya ga mai yawo na Amurka ba. Direban kamyon da yaron motarshi za su gane kayansu a ciki.

Ina iskar take fitowa?

Jikin inji akwai wani ƙarfe da ake kira kwamfuresa. Aikinshi kamar na zugazugin maƙeri ne. Inji ke juya shi, shi kuwa shina tura iska. Iskar ta bi ta wani tulu mai tsotse ruwa da datti, wanda ake kira mabushin iska, sannan ta shiga tankuna. Daga tankuna tiyo ke kai ta ga kowace ƙafa.

Gaban direba akwai agogon iska mai allura biyu, ko agogo biyu. Guda ta birkin gaba ce, guda ta birkin baya. An raba su ne don idan ɗaya ta lalace ɗayar ta kai mota bakin hanya. Makanikai suna ƙidayar iska da kilo. Agogon Amurka shina ƙidaya da wani awo da ake rubutawa psi, kuma psi 100 daidai yake da kusan kilo 7.

Ga motar Amurka mai lafiya, allura takan hau har kilo 8 da rabi. A nan wani ɗan ƙarfe mai suna gwamna shi ce wa kwamfuresa shi huta. A lokacin ne ake jin mota ta yi “fush” sau guda. Wannan ba ciwo ba ne, mabushin iska ne ke tofar da ruwa. Idan allura ta sauka wajen kilo 7, gwamna shi sake tada kwamfuresa. Motocin Turai na yanzu suna riƙe iska fiye da haka, amma aikin guda ne.

Akwai abu guda da ya kamata kowa shi riƙe. Cikin tukunyar birkin ƙafafun baya akwai ƙaton ƙarfe murɗaɗɗe, wanda wasu ke kira sifirin, wasu rasor. Kullum shina son danne birki. Iska ce ke riƙe da shi. Idan iska ta ƙare, sai shi kubce shi damƙe ƙafafu, mota ta kafe. Dabarar tsohuwa ce. George Westinghouse, mutumin Amurka, ya ƙago birkin iska na jirgin ƙasa a 1869, kuma a 1872 ya gyara shi yadda idan iska ta gudu jirgi za shi tsaya da kanshi.

Ƙararrawa ta yi kuka

A ɗauka mai mota shina tafe da matarshi da ɗiyanshi cikin dajin Arizona, inda zafin rana ya yi kama da na Tawa a watan Afrilu. Sai jar wuta ta kama, ƙararrawa ta shiga kuka. Allura ta sauka wajen kilo 4.

Lokacin da ya rage mashi kaɗan ne. Tsakanin kilo 3 da kilo 1 da rabi sifirin za shi kama, ko mota tana tsakiyar kwalta, ko tana bisa gada. Sai shi kunna wutar haɗari, shi nemi wuri shimfiɗaɗɗe bakin hanya, shi taka birki sau guda, a hankali, shi riƙe har mota ta tsaya. Kada shi riƙa taka birki shina saki kamar mai ƙaramar mota. Kowane taki iska shike ci. Wanda ya ce bari in ƙarasa gari, saura kilometir 5, shi ne ake iskewa gicciye bisa hanya da dare.

Da ta tsaya, shi ja birkin ajiya. Ga motar Amurka wani maɓalli ne mai launin rawaya. Iyali su fita su yi nesa da kwalta. A aje alama mai kusurwa uku, aƙalla metir 30 bayan mota, a ƙara nisa idan akwai kwana ko tudu. Sannan a tare ƙafafu gaba da baya da gungumen icce ko babban dutse.

Kada a shiga ƙarƙashi da gaggawa

Nan ne mota mai ɗaki ta fi kamyon haɗari. Yawancin manyansu ba bisa ƙarfe suke zaune ba. Bisa jikkunan roba cike da iska suke zaune, don kada kwanoni da kofuna su farfashe cikin tafiya. Iskar jikkunan daga tankunan nan take zuwa. Idan tana gudu, gidan duka shina sauka ƙasa. Wani lokaci a hankali, wani lokaci gaba ɗaya, idan aka taɓa wani tiyo ko wani ɗan sanda. Ratar da ke tsakanin cikin motar da ƙasa dama ba ta da yawa. Mutumin da ke kwance a wurin ba shi da inda za shi gudu, kuma ton 15 ne bisa ƙirjinshi. An yi asarar rayuka ta wannan hanya.

Motocin nan suna da ƙafafun ƙarfe masu aiki da mai, waɗanda ake saukewa don ɗaki shi daidaita wurin kwana. Ba don riƙe mota bisa mutum aka yi su ba. Haka jak shi kaɗai. Kafin kowa shi sa kai ƙarƙashi, sai an jera katako mai kauri ko ƙarfen tokara ƙarƙashin sasi, bisa ƙasa mai tauri. Bisa rairayi katako nutsewa shike yi. Idan babu abin tokara, a duba daga gefe da cocila, a tsaya nan. Kamyon da manyan motocin fasinja na zamani da yawa su ma bisa jikkunan iska suke, don haka yaron mota shi duba kafin shi kwanta.

Iskar gudu take yi, ko ba ta shigowa?

Tulu shina rasa ruwa ta hanya biyu: ko ya tsage, ko ba a zuba ba. Haka tankin iska. Kafin a ɗauki sifana sai an san wanne ne.

Direba shi tada inji shi dubi allura. Idan ta hau, ko da kaɗan, shi bari ta kai iyakarta, sannan shi kashe inji. Kowa shi yi shiru. Kunne ne babban kayan aiki a nan. A zagaya mota a hankali ana saurare. Babbar ɓaraka tana huci kamar kububuwa, ana jin ta daga nesa.

Idan allura tana sauka alhali inji a kashe, birkin ajiya a jaye, ba a taka komi ba, to ɓarakar tana wajen tankuna, ko tiyon da ke tsakaninsu, ko jikkunan da mota ke zaune bisansu. A fara duba famfon zubar da ruwa da ke gindin kowane tanki. Sau da yawa ɗan tsakuwa ko tsatsa ne ya hana shi rufewa. A ja igiyarshi sau biyu ko uku a saki, wani lokaci shi ke nan aiki ya ƙare. A kuma ja da baya a dubi tsayuwar mota. Idan ta karkata gefe guda, jikkar wannan gefe ta fashe, ko ɗan sandan da ke auna tsayinta ya fita daga mazauninshi.

Idan allura ta tsaya cak, a tabbata an tare ƙafafu da kyau, a saki birkin ajiya. Allura za ta ɗan faɗi, sannan ta tsaya. Idan ta ci gaba da sauka, ciwon shina ga tukunyar birkin baya ko tiyonta. Idan a nan ma ta tsaya, direba shi taka birki shi riƙe minti guda, wani shina saurare wajen ƙafafu. A Amurka ana koya wa direban babbar mota wannan gwaji: mota marar tirela kada ta rasa fiye da psi 2 cikin minti guda ba a taka ba, ko psi 3 idan an taka. Psi 3 a minti guda shi ne kusan kilo guda cikin minti 5. Abin da ya fi haka, robar cikin tukunya ta yage ko tiyo ya tsage.

Allura guda ce ke sauka, ɗayar tana tsaye? To an rage rabin wahala, an san ko gaba ne ko baya.

Saura ɗaya hanyar. Inji shina aiki, allura ba ta hawa, amma idan an kashe ba ta sauka. A nan tankuna lafiya suke, iska ce ba ta isowa. A saurari mabushin iska inji na aiki. Idan shina huci ba tsayawa, maimakon “fush” sau guda, to bakinshi na ƙasa ya maƙale a buɗe, duk abin da kwamfuresa ya tura waje shike fita. Idan shiru ne, mai yiwuwa gwamna ne ya maƙale. A ƙwanƙwasa shi kaɗan da ƙotar sukudireba, wani lokaci shi kan saki. A kuma bi babban tiyon da ya fito daga kwamfuresa da ido. Da ido, ba da hannu ba, domin shina ƙuna. Idan kwamfuresan mai bel ne, a duba ko bel ya tsinke.

Ruwan sabuni

Ƙaramar ɓaraka ba ta da murya. A kaɗa sabuni cikin ruwa, a zuba cikin gora, a huda murfin, a riƙa fesawa bisa kowane mahaɗi. Inda kumfa ya tashi shina girma, nan ne. A fi lura da inda tiyo ke gogar ƙarfe, da inda ya bi kusa da salansa. Zafi shina busar da roba har ta tsage.

Abin da ake gyarawa bakin hanya

Yawancin tiyon iska na roba mai tauri ne. Idan ya tsage, a zubar da iskar tankin tukuna. A yanke wurin da wuƙa mai kaifi, yanka miƙaƙƙe, ba a karkace ba. A haɗa bakin biyu da mahaɗin tiyo na birki, daidai kaurinshi. Mahaɗi uku ko huɗu da metir guda na tiyo ba su cika aljihun mota ba, kuɗinsu kuma bai kai na kwana guda a daji ba.

Idan ɓarakar ga tiyon oda ne, ko na kujerar direba, ana iya toshe shi a ci gaba da tafiya. Tiyon birki ba a toshe shi. Wanda ya toshe shi ya cire birkin ƙafa guda, kuma mota za ta fizge gefe ranar da ya taka da ƙarfi. Ɗaurin robar tsohuwar taya, wanda wasu ke alfahari da shi, ba shi riƙe kilo 8 da daɗewa. Iyakar amfaninshi a gusa da mota daga kwalta zuwa gefe.

Tukunyar birkin baya kuwa ba a buɗe ta bakin hanya, ko a gareji ma sai wanda ya san aikin. Sifirin da ke ciki idan ya kubce shina iya kashe mutum. Jikin tukunyar akwai wata doguwar ƙusa da ake ɗaure sifirin da ita don ƙafa ta saki. An yi ta ne don janwe. Motar da aka ɗaure wa sifirin ba ta da birkin ajiya, idan kuma tankuna wayam suke ba ta da birki ko kaɗan. Ba a ɗaure shi sai ƙafafu suna tare, ko mota tana haɗe da janwe. Mai janwe ma sau da yawa ba shi buƙatar haka, shi kan tura mata iska daga tashi motar ta wani baki da ke gaba.

Kwamfuresa da ya mutu, jikkar da ta fashe, tukunyar da ta yage, waɗannan aikin makanike ne. A kira shi da salula, a gaya mashi abin da aka gani: allura wacce, kilo nawa, lokacin da aka taka ko lokacin da aka saki. Da wannan bayani za shi zo da kayan da ya dace tun zuwan farko.

Kafin a tashi

Bayan gyara, a tada inji a jira har a ji “fush”. A kashe, a sake gwajin minti guda, da taki da ba taki. A ja igiyar kowane tanki a dubi abin da ya fito. Ruwa kaɗan ba komi, da damina ya kan fi yawa. Ruwa mai yawa, mabushin iska ya gaji, a sake cikinshi. Baƙin mai, kwamfuresa ya fara tsufa, a kai shi gareji da an isa gari.

Sannan a ja birkin ajiya, a fid da katako, a kwashe duwatsun da aka tare ƙafafu da su da rassan da aka jera bisa kwalta, a jefa su nesa da hanya. Mai babur shina tafe a baya, kuma da dare ba shi ganin su.