Sirrin Laushin Itace: Yadda Ake Tausasa Fallen Katako Kafin a Manna Shi

Gabatarwa

Kafintocin Mai'adua da na cikin birnin Daura sun san wata asara da ke zuwa da hunturu. Siririn fallen katakon da ake lulluɓe fuskar gado ko teburi da shi, wanda kaurinsa bai wuce milimita 0.6 ba, yakan kangare ya dare tun ba a kai ga shafa masa gam ba. Ana samun irin wannan falle daga dazuzzukan kudu masu laima. Garin Sapele na Jihar Delta ya daɗe da suna wajen sarrafa shi. Maƙasudin wannan darasi shi ne bayyana dalilin karyewar da kuma maganinta.

Me ke cikin itace?

Itace tarin ƙwayoyin halitta ne dogaye waɗanda suka mutu suka bar bangonsu. Bangon kuwa da zaren selulos aka gina shi, sai hemiselulos, sai liginin wanda ke ɗaure su kamar yadda laka ke riƙe tubali. Ruwa yana shiga tsakanin zarurrukan nan ya ba su damar gocewa da juna, shi ya sa ɗanyen reshe ke lanƙwasuwa. Bangon yana ƙoshi da ruwa idan danshin itacen ya kai wajen kashi 30 cikin ɗari. Daga nan zuwa ƙasa, duk ruwan da ya fita sai itacen ya tsuke ya ƙara tauri.

Busasshen katako kullum yana musayar ruwa da iska. Da damina, idan laimar iska ta kai kashi 80, katako yakan riƙe danshi kimanin kashi 16. Da hunturu, idan ta faɗo kashi 20, ba ya riƙe fiye da kashi 4 zuwa 5. Kuma tsukewar ba daidai take ba: ta faɗi tana da yawa, ta tsawo kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Wannan saɓani ne ke sa falle ya yi tudu da kwari, in an danne shi ya tsage.

Hikimar ba baƙuwa ba ce

Mai saƙar tabarma ba ta taɓa kaba sai ta jiƙa ta. Makiyayi kan gasa sandarsa a wuta kafin ya miƙar da ita, domin zafi tare da danshi yana sassauta liginin. Da wannan ka'ida ce Michael Thonet ya lanƙwasa katako da tururi ya fitar da shahararriyar kujerarsa a Biyana a 1859.

Yadda ake yi

Ruwa zalla yana tausasa falle, amma da ya bushe taurin ya dawo. Don haka ake haɗawa da gilisirin, wanda ake samu a kantin magani, saboda yana riƙe laima kuma ba ya tashi da wuri.

1. A gauraya gilisirin kashi 1 da ruwa kashi 9. Ɗan sifirit yana taimaka wa haɗin ya ratsa, sai dai a nisanta shi da wuta.
2. A fesa wa fallen ciki da baya. Jiƙa gefe guda yana sa shi naɗewa.
3. A ba shi 'yan mintuna ya sha.
4. A sa shi tsakanin fararen takardu, a danne da alluna biyu masu santsi, a fara da nauyi kaɗan sannan a ƙara. Tawadar jarida tana iya ɓata shi, ƙarfe kuma yana baƙanta jiƙaƙƙen katako.
5. A riƙa sauya takardun, sau da yawa a ranar farko, har su daina ɗaukar danshi. Wannan kan ɗauki kwana biyu zuwa uku.
6. A manna shi cikin 'yan kwanaki, domin laushin ba ya dawwama.

Gargaɗi

Wanda ya manna falle da sauran ruwa a jikinsa zai gan shi lafiya lau ranar nan, amma zai tsuke a kan allon ya tsattsage bayan kayan sun isa ɗakin amarya. Yawan gilisirin kuma yana hana gam da banish kamawa. Kafin a taɓa fallen da aka saya da tsada, a fara gwada haɗin a kan ɗan guntu, a manna shi, a duba bayan kwana biyu.