Darasin Kwamfuta: Shin Ya Dace Ki Koma Sabon Windows?

 Idan akwai kwamfuta a gidanki, ko taki ce ta lissafin sana'a, ko ta maigida, ko wadda yara suke aikin makaranta da ita, wataƙila kin sha ganin wani saƙo yana fitowa a fuskarta, ana ce miki ki koma Windows 11. Wata takan kawar da shi ta ci gaba da aikinta, wata kuma hankalinta ya tashi har ta fara tunanin sayen sabuwa. To, yau a kan wannan za mu tattauna.

Mece ce babbar manhaja?

Babbar manhaja ita ce ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya. Matsayinta kamar naki ne a gida: ita ta san inda aka ajiye komai, ita ke raba wa kowa aikinsa, ita ke lura da mai shigowa da mai fita. Duk sauran manhajoji, na rubutu ko na kallon hoto ko na shiga intanet, a ƙarƙashinta suke. Wadda aka fi sani a wajenmu ita ce Windows ta kamfanin Microsoft na Amurka, kuma tana da zubi-zubi. Windows XP ya fito a 2001, Windows 7 a 2009, Windows 10 a 2015, sai Windows 11 a Oktoban 2021.

Me ya sa ake matsa miki?

Kada kyan fuskar sabon ya ruɗe ki, 'yar'uwa. Babban dalili shi ne tsaro. Kowace manhaja tana da ƴan kafofi da masu kutse kan gano, shi ya sa kamfanin yake aiko da gyara duk wata don toshe su. Amma kowane zubi yana da wa'adi. An daina kula da XP a Afrilun 2014, Windows 7 a Janairun 2020, shi kuma Windows 10 wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta kunnu ta yi aiki yadda ta saba. Sai dai ta zama kamar gidan da katangarsa ke tsagewa duk damina, mai gyara kuma ya daina zuwa.

Ga misali. A watan Mayun 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga kwamfutoci a ƙasashe kusan 150. Takan kulle duk abin da ke ciki, ta nemi a biya kuɗin fansa kafin a buɗe. Har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya da dama. Abin takaicin shi ne, tun a watan Maris na shekarar Microsoft ya fitar da gyaran, waɗanda ba su saka ba su ne suka faɗa. Ki tuna abin da ke cikin taki: hotunan iyali, takardun makarantar yara, lissafin adashi, lambobin sirrin banki. Rigakafi dai ya fi magani.

Kwamfutarki za ta ɗauka kuwa?

Nan ne gizo ke saƙar. Komawa Windows 11 kyauta ne ga mai Windows 10 na asali, amma ba kowace kwamfuta ke iya ɗauka ba. Yana buƙatar aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki, da gigabait 64 na ma'ajiya, da wani ɗan ƙarfen tsaro da ake kira TPM 2.0. Sannan idan injinta na Intel ne, yawanci sai ya kasance zubi na 8 zuwa sama. Da yawa daga cikin kwamfutocin hannu da ake shigo mana da su sun girmi haka.

Dubawa ba wuya. Ki shiga Settings, sai System, sai About, ki karanta sunan injin. Idan kin ga i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 6, bai kai ba ke nan. Idan i5-8250U ne, na 8 ne, ya kai. Akwai kuma manhajar PC Health Check ta Microsoft, kyauta ce, za ta gaya miki kai tsaye.

To, wane mataki za ki ɗauka?

Na ɗaya, idan kwamfutarki ta cancanta kuma kina shiga intanet da ita, ki sauya, ba sai kin yi dogon tunani ba. Kwana biyu za ki yi kina laluben inda aka mayar da wasu abubuwa, daga nan hannunki ya saba.

Na biyu, idan ba ta cancanta ba, kada ki ta da hankalin maigida a kan sai an sayo sabuwa gobe. Idan aikinta buga takardu ne ko kunna wa yara darussan da aka riga aka ɗora, ki raba ta da intanet, ki kula da filashin da ake soka mata, ta ci gaba da aikinta. Microsoft ya kuma sanar da wani shirin ƙarin gyaran tsaro ga masu Windows 10 a gida har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, amma jinkiri ne kawai, wa'adin na nan. Akwai kuma manhajoji na kyauta irin su Linux Mint, waɗanda kan zauna lafiya a tsohuwar kwamfuta, sun kuma ishe ki rubutu da shiga intanet, sai dai kina buƙatar wanda ya iya ya ɗora miki ya nuna miki hanya.

Na uku, ki yi hattara da mai gyaran da zai ce zai cusa miki Windows 11 ko ta halin ƙaƙa. Zai iya, amma Microsoft ya faɗa ƙarara cewa bai ɗauki alkawarin aiko wa irin wannan kwamfuta gyara ba. Kin biya kuɗi, tsaron da kika je nema kuma ba tabbas. Idan kuma lokacin sayen wata ya yi, ko ta hannu ce, ki sa a nuna miki zubin injinta kafin a biya.

Kafin ki danna

Sauri ya haifi nawa. Ki fara kwashe hotuna da takardu masu muhimmanci ki zuba a filashi, ki adana shi daban. Ki cika batir, ki zaɓi lokacin da kike da tabbacin wuta, domin ɗaukewarta ana tsakiyar aiki kan iya jawo matsala. Ki tanadi data wadatacciya, saboda abin da za a sauko da shi gigabait ne da dama. Idan kina da tsohuwar firinta, ki tabbatar za ta yi aiki da sabon. In kuma kin sauya bai yi miki ba, kina da kwana 10 ki koma na da ta cikin Settings.

Aikin gida na wannan fitowa: ki buɗe kwamfutar gidanki yau, ki rubuta sunan injinta da irin Windows ɗin da ke kanta. Da wannan kaɗai za ki san a rukunin da kike. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, Allah Ya sa mu dace.