Shawarwari Ga Mai Son Tsallaka Iyaka Da Babur Karon Farko

Da damina ta ɗauke, hirar samarin unguwar Domayo a gindin dalbejiya sai ta koma kan tafiya: wannan ya ce Kano zai kai da babur ɗinsa, wancan ya ce shi sai Yamai. Sha'awar ba laifi ba ce, kuma babur ɗin da ke kai ka kasuwar Marwa kullum zai iya aikin in an shirya shi. Ga abin da zan faɗa wa ƙanena da zai zo neman shawara.

1. Fara da Cadi, ka bar nesa sai gaba. Daga Marwa zuwa Yagwa ta Kayele da Gidigis tafiyar wajen kilomita 200 ce, kuma tun da aka buɗe gadar kogin Logon mai tsawon mita 620 a 2025, ba sai ka ɗora babur a kwalekwale kana addu'a ba kafin ka taka Bongor. Sefarka ita ce sefarsu, a hannun dama suke tuƙi kamar mu, agogonku ma ɗaya. In wani abu ya lalace, kwana ɗaya ya isa ɗan'uwanka ya iso gare ka, abin da ba zai yiwu ba in kana can bayan Zariya.

2. Tambayi dokar babur ta garin da za ka tun kana gida. Najeriya ce ke fara zuwa ran kowa saboda dangi da kasuwa, amma an hana babur a Maiduguri tun 2011, Kano ta hana goyo a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, Yola da Jimeta ma sun daɗe da komawa Keke Napep. Doka kan sassauta, kan kuma dawo, don haka ka kira wani mazaunin garin a makon tafiyarka. Abin takaici ne ka sha ƙurar Durbeye ko Gashiga, ka iso bakin gari a ƙwace maka abin hawa.

3. Haɗa takardu, ka duba sunan da ke kansu. Kana buƙatar lasin tuƙi na rukunin A, da kat giris (takardar rajistar babur), da inshora mai rai, da katin ɗan ƙasa ko fasfo. Ƙasashen CEMAC shida, har da Kamaru da Cadi, sun amince da zirga-zirga ba biza tun 2017, amma fasfo ya fi rage surutu a bakin iyaka. Yawancin baburanmu hannu na biyu ne, takardar na ɗauke da sunan wanda ya fara saya, to ka je a juya ta zuwa sunanka ko mai sunan ya rubuta maka izini a buga hatimin hukuma. Sa'an nan ka tsuguna da tocila ka karanta lambar jikin babur da ta inji, harafi bayan harafi, ka gwada da abin da aka rubuta, domin jami'in duwan zai yi haka ko kai ba ka yi ba.

4. Nemi katin inshora na ƙetare. Ga Cadi, ka ce wa mai inshorarka ya ba ka kat roz, katin da ke sa inshorar Kamaru ta yi aiki a sauran ƙasashen CEMAC. Ba ya aiki a Najeriya, can tsarin ECOWAS ne, sai ka yanki nasu. A bakin iyaka kuma ka karɓi takardar shiga da babur ta ɗan lokaci, ka duba ranar ƙarewarta, ka adana ta sai ka dawo.

5. Yi allurar shawara da wuri. Katin nan mai ruwan ɗorawa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, saboda haka kada ka bari sai jajibiri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har tsawon rai, don haka in kana da tsohon kati a ƙasan akwati, ciro shi kawai. Ka tafi da gidan sauro, bakin Logon ƙasar shinkafa ce.

6. Tafi tsakanin Nuwamba da Fabrairu. A Maris da Afrilu zafin Garwa da Marwa kan haura digiri 40, inji ya wahala, kai ma ka wahala. Da damina kuwa ka san halin mayo, rafin da ke ƙafewa da rani: wurin da ka ratsa da safe a kan yashi, da la'asar ya fi ƙarfin babbar mota, kuma ba a manta ambaliyar da ta ci Yagwa a 2024 ba. Hunturu ma da nasa, hazo da sanyin asuba, sai ka tanadi rigar sanyi, safar hannu da rawani ko ƙyallen rufe hanci.

7. Kai wa bakanike mako biyu kafin tashi. A juye baƙin mai, a duba birki gaba da baya, a ɗaure wayoyin ƙafa, a canza sarƙa da haƙoranta tare in sun cinye, taya kuma in ta yi sanƙo kada ka yi mata kara. Dalilin mako biyun shi ne ka ɗora kayanka duka ka gwada zuwa Figil ko Garwa ka dawo, duk abin da aka ɗaure ba daidai ba ya nuna kansa a gida. Ba ka buƙatar ƙaton babur irin na Turawa. Boxer ko TVS ɗin nan, ko Haojue, sun fi dacewa, domin kusan duk ƙauyen da ka tsaya akwai yaron da ya san cikinsu.

8. Ɗauki kayan gyara kaɗan masu amfani. Tiyub ɗaya na gaba, ɗaya na baya, faci da gam, ƙaramin famfo, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, sifana mai lamba 10, 12, 14 da 17, da igiyar roba da aka yanko daga tsohon tiyub. Ka zauna wurin mai faci rana ɗaya ka cire ƙafar baya da hannunka ka mayar, ƙayar daji ba ta jiran sai kusa da gari. Kaya masu nauyi a ƙasa kuma kusa da bayanka, kada su yi tsini a can ƙarshen kariya.

9. Kada tanki ya sauka ƙasa da rabi. Zuwa-zuwa, wato fetur ɗin kwalba da ake shigowa da shi daga Najeriya, ta daina arhar da aka san ta da ita tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma inda riba ta ragu algus kan ƙaru. In dole ka sha ta kwalba, ɗaga ta a rana ka duba ko akwai ruwa ko datti a gindi, ka tace da ƙyalle mai tsabta. Kai ma ka sha ruwa kafin ƙishi ya kama ka, galan ƙarami da ɗan dabino ba su da nauyi.

10. Raba kuɗi gida uku. Canji a aljihun gaba, na masauki da abinci a cikin jaka, na ko-ta-kwana a ɗinke cikin wando inda ba wanda ya sani. In wata rana ka nufi Nijar, ka sani sefarsu ta bankin Afirka ta Yamma ce, darajarsu ɗaya amma mai shayi a Maraɗi ba zai karɓi tamu ba. Layin MTN ko Orange kan yi tsada da ka tsallaka, sayi na Airtel ko Moov a Bongor ka aika wa gida sabuwar lambar nan take.

11. Tashi bayan asuba, sauka kafin la'asar sakaliya. Dare na masu tare hanya ne, da ramuka, da shanu, da manyan motoci masu fitila ɗaya. Hanyar Mora zuwa Waza da Dabanga har Kusiri ba ta ɗan koyo ba ce, ko da wani ya ce maka jiya ya bi lafiya. Yankin Lere da Pala na Cadi ma, duk da kyan tafkinsa mai ayu, an sha satar mutane a dazukansa, sai da rana tsaka kuma da abokin tafiya. Hular kwano a kai take zama, ba a maƙale a madubi ba.

12. A shinge, kashe inji ka yi sallama. Cire tabarau da ƙyallen fuska, ka miƙa kwafin takardunka da aka buga wa hatimi, na asali su fito sai an nace. In an ce ka biya wani abu, tambayi rasit cikin ladabi, sau da yawa nan maganar kan mutu. Kada ka ɗauki hoton gada, bariki ko jami'i, hoto ɗaya kan cinye maka yini.

13. Sallami gida, ka nemi mai masauki. Bar wa uwargida kuɗin cefane har da na ƙarin kwanaki, da kwafin takardunka, da sunan garuruwan da za ka kwana, ku kuma tsayar da lokacin waya kullum, misali bayan magariba. Ka nemi albarkar iyaye, ka tambayi 'yan kasuwar unguwa wa suka sani a can. Da wuya a rasa Bahaushe ko Bafulatanin da zai ba ka tabarma a Bongor. Riƙa masa goro ko sabulu da sukari, kuma kada ka wuce kwana uku a gidansa. Allah ya kiyaye hanya, ya dawo da kai lafiya.